Zuciyar Ɗan Fari

Ɗana na fari ya yi gudu a Garwa har mutane suka riƙa nuna shagona da baki suna cewa ga uban mai gudun can. Ni kuwa in aka kawo mini zancensa sai in sunkuya ƙarƙashin kanta in hau neman wata ƙusa da ba ta ɓata ba. Kayan keke da na mashin nake sayarwa a babbar kasuwa, taya da sarƙa da birki da su famfo, don haka abin da zan fake da shi ba ya ƙarewa. Mutum zai tsaya ya fara da gaisuwar Fulatanci, ya ce, "Jam na, Alhaji? Jiya yaronka ya bar 'yan Maruwa a baya kamar an ɗaure musu ƙafa." Sai in ce masa tayar nan da yake taɓawa ta fi wadda ya saya bara ƙwari.

Ba ƙiyayya ba ce. Wanda bai tashi a gidajenmu ba sai an yi masa bayani. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga Kano suka zauna a bakin Binuwai, suka tarar da Fulani masu kunyar da ta fi tasu, to ka haɗa biyun ka ga abin da zai fito. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya zaman hira da shi, ba ya nuna wa mutane cewa ciwonsa ya dame shi. Na uwa ma ya fi na uba tsanani. Nawa ɗan kuma sai aka ƙara da raɗa masa sunan mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, sai bakina ya kulle ta hanya biyu. "Kai" nake ce masa in ta kama dole, in kuma ina maganarsa da wani sai in ce "yaron nan". Ƙannensa ina ɗaukar su a mashin, ina saya musu rake, ina yi musu faɗa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Shi kam tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin Inna, mahaifiyata, a can ya girma. Filin da suke gudu ban taɓa taka shi ba, da na je kuwa da an samu abin yi da ni a ƙofar masallaci har shekara ta zagayo.

Amma na san abin da ke cikin ƙirjinsa, wataƙila fiye da masu tafa masa. Ina saurayi da keke nake fatauci. In ɗaura gishiri da sabulu da ashana a baya, in taka zuwa Pitowa ranar kasuwa, wani lokaci har Bibemi, in dawo da gyaɗa. Farkon kama aikin, kafin in fita gari zuciyata tana bugawa har cikin kunnuwana, bakina ya bushe, in yi ta tsine wa wanda ya ƙirƙiro keke. Da aka daɗe sai na lura ƙafafuna ba su ƙara wani kauri ba, amma hawan da yake sa ni sauka in tura keke a da, yanzu ina hawansa ina gaisawa da mutane. Abin da ya canza yana ciki, ba a ganinsa. Ban san sunan wannan ilimi ba a lokacin, na dai san cewa ranar da zuciya ta ƙi, ƙafa ba ta da ta cewa, sai a nemi inuwa.

Yau keken ya tafi, tumbi ya zo, ya zo kuma da hawan jini, abin da muke ce wa tansiyon a nan. Likitar da take duba ni wata mata ce 'yar kudu, ta daɗe a Garwa har Fulatancinta ya fi nawa, Hausa kuma tana yin ta yadda ta ga dama. Ita ta tilasta mini sayen na'urar nan da ake ɗaura wa a dantse, ta matse hannu ta nuna lambobi, har da na bugun zuciya. Wata Juma'a bayan an ci abinci 'yan matan gidan suka ɗauke ta suna wasa, suna ɗaura wa kowa, har Inna. Da suka zo kan yayansu sai lambar bugun ta fito kusan rabin tawa. Suka sake, ta sake fitowa haka. Uwarsa tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba, ta ce wa tukunyar da ke gabanta, "Abin nan ya lalace, a mayar wa mai shi."

Da na koma asibiti na ce wa likita akwai wani ɗan maƙwabcinmu, mai gudu, na'urar ta nuna zuciyarsa tana tafiya kamar ba ta so. Ta cire tabarau ta yi dariya, don ita ma a Garwa take zaune, ta san ɗan maƙwabcin.

"Alhaji, ka gaya wa maƙwabcinka ya kwantar da hankali," in ji ta. "Zuciyar mai dogon gudu ta saba da aiki. Tana cika da jini sosai, ta tura shi a bugu ɗaya. Kai da ƙaramin guga kake ɗiban ruwa, dole ka yi ta zurawa kana jawowa. Shi gugansa babba ne, ja ɗaya ya isa. Shi ya sa in yana zaune ba ta gaggawa, in ya tashi gudu kuma tana da sauran wurin ƙarawa. Ka lura da shi in ya dawo daga gudu. Nan da nan za ta sauka. A nan ake gane lafiyayyiya."

To na samu abin lura, kuma wanda ba ya buƙatar magana. Kullum bayan sallar asuba yakan fita, ni kuma ina zaune a zaure da kokona da rediyo. Rana ta ɗan ɗago sai ya shigo jiƙe sharkaf, ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Baba," in ce "Lafiya" ina kallon rediyo. Kafin ya gama kwance igiyar takalmi numfashinsa ya koma daidai, kamar wanda ya dawo daga sayen ƙosai. Nakan ji daɗi har cikin raina, in rasa wanda zan faɗa wa, sai in ƙara wa rediyo murya.

A ƙarshen daminar wata shekara zazzaɓi ya kama shi. A Garwa kowane zazzaɓi palu ne, wato maleriya, ko ƙafa ka buge aka ji jikinka da ɗumi za a ce sauro. Aka sayo ƙwayoyi aka ba shi, ya kwanta a ɗakin Inna yana tari, gaɓoɓinsa suna ciwo. Zazzaɓin bai gama sakinsa ba ya jawo takalma. Dalilinsa kowa ya sani a gidan: in zafi ya fara za a yi tseren zaɓe, a ɗebi 'yan kaɗan daga arewa a kai su kudu sansanin horo, daga can kuma wanda Allah Ya ɗaga sai ƙasashen waje. Na matasa ne, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe a cikinsu. Tun yana lise, wato makarantar sakandare, wannan ƙofar yake kallo, bai koyi ciniki ba, bai nemi wani aiki ba.

Gaisuwarsa ce ta fara canzawa. "Ina kwana" ta rabu biyu, numfashi ya shiga tsakani. Ya kwance takalmi, ya shiga ciki, ya zauna a kan turmin da aka kife, ya daɗe. Daga inda nake ina hango jijiyar wuyansa tana harbawa, koko ya huce a hannuna ita ba ta lafa ba. Na ce ragowar zazzaɓi ne, a ba shi lokaci. Aka yi girbi, aka fara ganin motocin auduga a hanya, abu bai sauya ba. Wata rana ƙanwarsa ta zo da na'urar da wasa za ta ɗaura masa, ya daka mata tsawar da sai da ta saki abin a ƙasa. Yaron da ban taɓa jin muryarsa ta tashi ba. Nan na gane shi ma ya sani.

Sai na fara binsa. Ina jin kunyar rubuta wannan, dattijo da furfura yana laɓe-laɓe a bayan ɗansa, amma haka aka yi. In ya fita in ba shi rata, in tura mashin har bakin titi kafin in tayar, in bi shi daga nesa da hula a jaye. In wani ya gan ni in ce zan duba kaya a tasha. Hanyar gada yake bi. Yakan fara da kyau, amma tun kafin a hango ruwa sai tafiyar ta lalace, kafaɗunsa su ɗago, kansa ya koma baya. Ya tsaya ya dafa gwiwoyi. Ran nan na ga ya dunƙule hannu ya bugi ƙirjinsa, irin dukan da mai jaki yake yi wa jakin da ya ƙi tashi, sannan ya ci gaba. Masunta suna ta harkarsu a ƙasa, ba wanda ya kula. Ni na kashe mashin a gindin wata bishiya, ina kallonsa har ya ɓace mini.

Ban jira ranar da aka ba ni ba na koma wurin likita. Na ce ɗan maƙwabcin nan ne. Na faɗa mata duk abin da na gani. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Wani zazzaɓin yana taɓa naman zuciya, ya kumbura shi," ta ce. "Ba kullum ba, amma yana faruwa, kuma matasa masu ƙarfi ya fi ruɗa, don ƙafafunsu suna nan lafiya, sai su ɗauka lalaci ne su ƙara matsawa. Zuciyar da ta kumbura hutu take so. In aka tilasta mata, bugunta yana iya rikicewa a tsakiyar gudu, mutum ya faɗi. Ga zafi yana zuwa. A zafin garin nan jini rabuwa yake yi, wani ya tafi ƙafa, wani ya tafi fata ya sanyaya jiki, gumi kuma yana rage shi. Mai lafiya ma sai ta ƙara sauri kafin ta iya. Ban ce shi ne ba, sai na gan shi. Amma kar ya ƙara gudu kafin nan. Alhaji, ka ji ni? Ba maƙwabcinka nake wa magana ba."

Na ji ta sarai. Na fito da magana a baki, na rasa inda zan ajiye ta.

Na fara da uwarsa. Bayan la'asar na same ta tana tsince shinkafa, na tsaya a kanta na ce, "Yaron nan."

"Na gani," ta ce.

"Likita ta ce a kai shi. Ta ce ya daina gudu."

"To."

"To ki yi masa magana mana."

Ta ɗago ta dube ni, idanunta sun yi ja, ashe ta riga ni shiga wannan hali. "Alhaji, da wane bakin? Ni da ko ruwa ban taɓa miƙa masa da hannuna a gaban mutane ba? Ka gaya wa Inna. Ita ce tasa."

Gaskiya ta faɗa. A duk gidan mutum ɗaya ce take da izinin yi masa magana yadda ta ga dama, ita ce kakarsa. Ita ta goya shi, ita ta yi jinyarsa, kuma tun da sunan mijinta yake ɗauke da shi, "Maigidana" take ce masa. Na shiga ɗakinta na durƙusa na zayyana mata komai, har da faɗuwa a tsakiyar gudu. Ta ajiye carbi ta ce in bar mata, yau-yau za ta gama da shi. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhu.

Abin da na manta, kuma duk gidan muka manta, shi ne tsakanin kaka da jika ba a magana sai da wasa. Tun yana cikin zani haka suke, ta ce masa rago, ya ce mata tsohuwa mai cinye masa gado. Ba su da wata murya ban da wannan. Da yamma ina alwala a tsakar gida na ji ta ta fara.

"Maigidana, zo nan. An ce mini ka tsufa. An ce numfashi ya ƙare, sai haki kamar tsohon rago. Gobe ka je asibiti su duba maka injin nan, ka ajiye takalman nan, in ba haka ba in nemi saurayi mai jini a jika."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wa zai kwashe ki, tsohuwa? Ki jira ki gani. Kofin da zan kawo miki, a ciki za ki riƙa shan kunu."

"Da gaske nake yi."

"Ni ma da gaske nake yi."

Washegari ya fita da asuba, ya kuma fita da la'asar, rana tana dukan ƙasa. An ce masa rago, to zai nuna. Saƙon da na aika don ya tsaya shi ya ninka masa gudu. Inna ta sake gwadawa, ta ɗaure fuska, har muryarta ta yi rawa. Ya tafa hannu ya ce wallahi tsohuwa ta iya wasan kwaikwayo, a kai ta talabijin. Da ya fita ta fashe da kuka. Ban taɓa jin haushin al'adarmu ba sai ran nan. Mutum uku a gida ɗaya, kowa ya san abin da ke tafe, biyu ba su da baki, ta ukun kuma bakinta na wasa ne.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Zama ya gagare ni. In buɗe shago, in zauna, in tashi, in fita bakin hanya, in dawo. Mai neman birki in ba shi sarƙa. Wani bawan Allah ya taya famfo da ragi kaɗan, na bi shi da faɗa har layin masu atamfa, mutumin da muka shekara muna ciniki. Abinci in an kawo sai in ture shi gefe. Na'urar tawa ma na daina ɗaurawa, don na san abin da za ta ce. Na yi niyyar zuwa wurin mai horar da su, har na kai ƙofar filin, na ga matasa suna shiga, sai na juya kan mashin. Me zan ce? In ce ni uban wane ne, na zo in sa a cire ɗana a bayan idonsa? Kafin magariba labari ya gama gari. Na shirya maganar da zan yi masa da kaina, na maimaita ta a hanya, da ya durƙusa ya ce "Sannu da zuwa, Baba," sai na ji bakina ya ce "Yauwa," na wuce ciki. Wanda bai sani ba zai ce wauta ce, kuma ba zan yi masa musu ba. Amma abin da ka shekara ashirin da wani abu kana yi ba ya sakinka don kawai ka ga dalili.

Ranar tseren ya same ni a zaure da jakarsa a kafaɗa. Ya durƙusa.

"Baba, zan tafi. A sa mini albarka."

"Allah Ya ba da sa'a," na ce. Haka ta fito, sumul, kamar kullum.

Ya tafi. Na je kasuwa na buɗe ƙofa ɗaya ta shagon, na tsaya riƙe da kwaɗo a hannu. Tun da safen nan iska ta riga ta yi zafi, riga tana manne wa baya. Na tuna yadda ya bugi ƙirjinsa a hanyar gada. Na mayar da ƙofar na kulle, maƙwabcina yana tambaya ko lafiya, na hau mashin na nufi filin.

Filin ya cika. Lasifika tana ta surutu da Faransanci, masu sayar da ruwan sanyi suna yawo, 'yan gudu daga Maruwa da Gidar da sauran wurare kowa da lamba a ƙirji. Ban yi taku goma ba aka fara. "Ikon Allah, Alhaji, yau kai ne a nan?" Wani ya ce, "Ashe dai ana so." Na ratsa su kamar ban ji ba. Na hango shi can gefe yana ɗan sassarfa don ɗumama jiki. Ɗan wannan sassarfar, da bai kai a kira shi gudu ba, sai ga shi ya je ya dafa shinge, ya sunkuyar da kai. Leɓɓansa sun yi fari-fari. Aka busa usur, aka ce su zo kan layi, ya saki shingen ya nufi wurin.

Na ce, "Kai." Kawuna da yawa suka juyo, ban da nasa. Na sake cewa "Kai," da ƙarfi. A filin da ke da ɗaruruwan mutane kowa ma kai ne.

Sai na kira sunan. Sunan mahaifina, wanda ban taɓa furtawa ba tun da na yi wayo, ya fito daga bakina a gaban rabin Garwa, da wata murya da ni kaina ban san ta ba. Ya ci gaba da tafiya taku biyu ko uku, sannan ya tsaya cak. Ya juyo a hankali yana neman mai kiran, idonsa ya wuce ta kaina ya dawo. Na tsallake igiyar da aka ja, da babbar rigata da komai, wani mai shirya tseren yana tsayar da ni da Faransanci, "Mesiye, mesiye," na je na kama wuyan hannunsa. Rabona da taɓa jikinsa tun yana jariri, shi ma a ɓoye. Na ɗora yatsu inda likita take ɗora nata a hannuna. Bugun yana gudu, ya yi tsalle, ya tsaya, ya sake kamawa, kamar mashin mai dattin fulogi.

"Zo mu tafi," na ce.

"Baba, yanzu za a tashi."

"Na sani. Zo mu tafi asibiti."

Ya dubi layin, abokansa sun jeru suna kallonmu. Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfi, da ya fizge hannunsa ba abin da zan iya. Amma tarbiyyar da ta ɗaure mini baki shi ma ta ɗaure shi, bai san yadda ake ce wa uba a'a ba. Ya sa hannu ya cire lambar daga rigarsa, allurar ta yage rigar, ya miƙa wa mai horar da su ba tare da ya dube shi ba. Muna fita ƙofa muka ji an tashe su, filin ya ɗauki ihu. Yana bayana a kan mashin, bai riƙe ni ba, ƙarfen baya ya riƙe.

Likita ta kwantar da shi, ta manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun a kan doguwar takarda. Ta ɗebi jini, ta tura mu wani ɗaki aka ɗauki hoton zuciyar tana motsi. Da muka dawo ta tambaye shi tun yaushe yake jin haka.

"Kwanan nan ne, Dokta," ya ce. "Gajiya ce kawai."

"Tun bayan zazzaɓin damina ne," na ce. "Da farko a gida yake haki. Daga baya ya fara tsayawa a hanyar gada, wajen masu wankin mota. Da ya ƙara na la'asar, tun a shataletale yake tsayawa, yana dafa ƙirji ta hagu."

Ya juyo ya dube ni. Ni kuma na dubi kalandar da ke bango.

Abin da likita ta ji tsoro shi ne ya tabbata. Naman zuciyar ya kumbura, ƙarfin turawarta ya ragu, bugun yana rikicewa. Ta ba shi magani, ta ce watanni ba gudu, ba keke, ba ɗaukar kaya, ko ƙwallon unguwa ba ta yarda ba. Ya tambaye ta in da ya yi tseren fa. Ta ce mai yiwuwa ya gama lafiya, mai yiwuwa kuma a ɗauko shi, ita ba ta san gaibu ba, amma da ɗanta ne ba za ta bari ba. Da yamma muka ji sunayen waɗanda aka zaɓa. Har da wani yaron unguwarmu da bai taɓa shan gabansa ba.

Watannin nan sun yi mana tsawo. Mutumin da ya saba cinye hanya kafin karin kumallo aka ce ya zauna. Ya yi ta zagaya tsakar gida, daga rijiya zuwa zaure, daga zaure zuwa rijiya, har kaji suka saba da shi. In ya ji takun masu gudu a waje da asuba sai ya shige ɗaki. Wasa da Inna ya mutu, ta ce "Maigidana" ya ce "Na'am" kawai, wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ni nake kai shi asibiti duk ranar da aka ba shi, a bayan mashin, ta tsakiyar kasuwa. An yi da ni a ƙofar masallaci kamar yadda na zata, har wani dattijo ya ja ni gefe ya ce abin da na yi a filin nan bai yi tsari ba. Na ce masa na gode, ya je ya kula da nasa. Da yaron kuwa ba mu ƙara wata magana ba. Sunan ma ban sake kira ba, ya koma inda ya fito.

Da wata daminar ta zagayo likita ta sake ɗaukar hoto, ta daɗe tana kallo. Ta ce alhamdu lillahi kumburin ya tafi, ƙarfin ya dawo kusan duka, zai yi aure ya yi aiki ya tsufa in Allah Ya so. Amma ciwon ya bar tabo a naman, kuma tabon nan ba ya son a kai zuciya ƙarshen ƙarfinta. Tafiya, e. Ɗan sassarfa da safe, e, a hankali. Gasa kam, ta girgiza kai. Na yi hamdala a fili. Shi kuwa ya maɓalle rigarsa.

Muka fito inda na ajiye mashin a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Na sa makulli, na ji bai hau ba. Yana tsaye yana kallon ƙasa, yana murza wani ɗan dutse da takalmi.

"Baba."

"Na'am."

"Da kake bina a hanyar gada." Ya ture dutsen gefe. "Kafin zazzaɓin, ka taɓa bina? Ka taɓa ganina ina gudu?"

Na so in ce e. Ƙarya ce ƙarama, ba wanda zai kama ni. Amma tambaya ta farko ke nan da ya taɓa yi mini a rayuwarsa.

"A'a," na ce. "Sai bayan zazzaɓin."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ba fushi a fuskarsa, har da ɗan murmushi, irin na wanda yake tuna wani wuri mai kyau da ya taɓa zuwa shi kaɗai.

"Ashe ba ka ga komai ba, Baba," ya ce. "Wallahi da ka gani."